Rodin Kawu Na'iya

Tambuwal, 21 ga Mayu

Zuwa ga Kawu Na'iya, Tungar Tambaya, ƙasar Kebbe.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna Mas'uda da sauran mutanen gida. Mu nan muna lafiya. Maiɗakina Mu'minatu tana gaishe ku, zazzaɓin da 'yarmu Yusra ta yi kuma ya sauka tun shekaranjiya.

Ofishinmu ya nemi in rubuta rahoto kan lalacewar injin iskan da ke ɗaga wa garinku ruwa. Tun da kai ne mai kula da shi, kuma sunanka zai fito a ciki, ban ga ya dace in miƙa ba sai ka karanta abin da na shaida. Na zaɓi takarda domin waya ba ta kamawa a Tunga sai an hau tudu, magana irin wannan kuwa ba ta son ɗaga murya. Ga yadda na tsara shi.

Ranar Litinin, shida ga Mayu, na iso Tungar Tambaya da ƙarfe ɗaya da kwata na rana. Na tarar da injin a tsaye, an ɗaure shi da birki kwana uku. Tanki babu ruwa, mata sun koma tsohuwar rijiyar fadama. Shugaban kwamitin ruwa, Alhaji Dikko, ya ce mai kula da injin, Malam Na'iya, shi ya tsayar da shi, bisa cewa yana jin wani bugu daga janaretan da ke saman hasumiya. Malam Na'iya ya tabbatar da haka. Ya ce boris ne, wato zoben ƙwallayen ƙarfen da sandar janareta ke juyawa a cikinsa.

Na sa aka saki birki domin gwaji. Iska ba ta da ƙarfi a lokacin. Ban hau sama ba, domin bel ɗin hawa yana hannun abokin aikina a wani gari. Na manna na'urar auna girgiza a gindin hasumiya sau uku. Mafi girman abin da ta nuna shi ne biyu da ɗigo takwas. Iyakar da littafin injin ya yanke huɗu da rabi ce.

Daga nan Malam Na'iya ya ɗauko wani rodi mai kan icce, tsawonsa kamu biyu. Ya dafa tsininsa a jikin hasumiya, ya kara kan iccen a kunnensa, sannan ya miƙo mini. Akwai mutane wajen ashirin a wurin. Sirajo, sakataren kwamiti, ya ce, "To jama'a, ku matso, yau injiniya za shi yi muna duba." Aka yi dariya. Na saurara, ban ji komai ba, na kuma faɗi haka. Na ba da shawarar a bar injin ya ci gaba da aiki.

Ranar Juma'a, sha bakwai ga wata, da la'asar, hadari ya taso injin ya lalace. Ba na wurin. Abin da na gani washegari shi ne: sandar janareta ta daskare, wayoyin cikinsa sun ƙone, fiffike ɗaya daga cikin uku ya karye ya faɗo taku goma sha biyu daga famfon da mata ke jera bokitai. Ba wanda ya ji rauni. Alhaji Dikko ya shaida mini cewa tsakanin ranakun nan Malam Na'iya ya sake ɗaure birki sau biyu ba da izinin kwamiti ba.

Iyakar abin da na rubuta ke nan, Kawu. Idan akwai inda na kauce, ka nuna mini. Ɗan'iya direba zai karɓo amsa ranar kasuwa.

Ɗanka,
Siddiƙ

Tungar Tambaya, 27 ga Mayu

Ɗana Siddiƙu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai gwiwar Innarka da ba ta son damina. An yi ruwa mai kyau, mun shuka gero. Allah shi ƙara wa Yusra lafiya, a rage mata mangwaro.

Na karanta takardarka sau biyu. Tun da aka haife ni ba a taɓa kirana Malam har sau fuɗu a takarda guda ba, Mas'uda ta ce in adana ta don jikoki. Ban ga inda ka kauce ba. Haka anka yi.

Tun da ka tambaya, bari in faɗa maka abin da ba ka gani ba. Sun amshe makullin ɗakin birki, yanzu yana aljihun Sirajo. A gaban kwamiti yac ce, ranar shida ga wata na'urar injiniya ta ce inji lafiya, kunnen injiniya ma ya ce lafiya, to ciwon daga baya ya shigo, kuma daga baya ba wanda ya taɓa shi sai Na'iya. Maganar tashi kuwa ta tafi daidai. Gaskiya ne na ɗaure birki sau biyu. Duk da yamma ne, iskar hadari ta taso, ga mata a famfo, bugun nan kuma yana shigo mini har haƙora. Na ce gara a zage ni. In riƙe shi da na yi cikin iska ne ya karya wani abu a sama, to alhakin yana kaina, ba ni gudu.

Amma ba makulli ke hana ni sukuni ba. Kana tune da hutun da marigayiya mahaifiyarka ta kawo ka nan, kana ɗan shekara tara, ina da injin niƙa a bakin kasuwa? Da rodin nan na koya maka sauraro. Kwana uku kacal, ka ce mani, Kawu, wancan gefen yana tari. Ni ban ji ba. Munka kwance, sai ga ƙwallo guda ya tsage. Tun ran nan nika faɗin kunnenka ya fi nawa, ga shi kuma an ƙara maka da jami'a. Saboda haka da ka ce ba ka ji komai ba, ban yi musu ba, ko a zuci. In kai ba ka ji ba, babu.

To abin da nika ji wata guda cur fa, daga ina? Ke nan daga kaina yake fitowa. Shekara talatin da bakwai da kunnen nan nika ci. Jiya Lauratu ta aiko, wai injin markaɗenta ya canza murya, in zo in ji. Na ce ta nemi wani. Ba ni son in kwance wa marainiya inji mai lafiya.

In kana da sani da wani likita, ka tambayar mani ko kunnen tsoho kan yi bugu da kanshi.

Kawunka,
Na'iya

Tambuwal, 4 ga Yuni

Zuwa ga Kawu Na'iya,

Assalamu alaikum. Na samu takardarka, na kuma yi murna da labarin ruwa. Mu'minatu ta ba Ɗan'iya man zafi saboda gwiwar Inna. Mu duka muna lafiya.

An sauko da janaretan, an kawo shi wurin gyaranmu, ni da kaina na buɗe boris ɗin ranar Asabar. Zan faɗi abin da na gani kawai. Giris ɗinsa ya bushe ya zama kamar laka, domin robar da ke tare shi ta tsage, ruwa da ƙasa suna shiga. Hanyar da ƙwallaye ke bi a zoben ciki ta fafe, ta yi ƙananan ramuka kamar dutsen niƙan da aka sassaƙa. Irin wannan ba ya faruwa cikin kwana goma sha ɗaya. Aikin watanni ne, uku ko fiye. Ɗaure birki ba ya haifar da shi. Ina iya cewa ma, kwanakin da injin ya tsaya sun ƙara masa kwana ne.

Za ka tambaya me ya sa na'urata ba ta nuna ba. Ita tana tattara dukan girgizar da ke jikin ƙarfe ne ta ba da lamba ɗaya, kamar mai awon gero da mudu: zai gaya maka ya cika ko bai cika ba, amma ba zai gaya maka akwai tsakuwa a ciki ba. Bugun boris a farkonsa ƙarami ne, mai sauri, yakan ɓace cikin sauran. Ga shi kuma a gindi na auna, mita goma sha takwas daga inda ciwon yake, cikin iska marar ƙarfi. Akwai na'urar da ke rarrabe girgiza ɗaya bayan ɗaya, amma ba mu da ita a nan. Duk wannan zan sa shi a rahoto.

Shugabana yana son rahoton ya zama gajere, a ce boris ya gaji, a nemo sabon janareta, a rufe magana. Ni ma zan yi iyakar ƙoƙarina kada sunanka ya sake fitowa a cikin wannan al'amari ko kaɗan.

Game da kunnenka, ban ga dalilin zuwa wurin likita ba. Ka je ka duba injin Lauratu. Iyakar abin da zan iya cewa ke nan a yanzu.

Ɗanka,
Siddiƙ

Tambuwal, 5 ga Yuli

Zuwa ga Kawu Na'iya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kuma an yi Sallah lafiya. Mu nan lafiya.

Wata guda ke nan ban ji daga gare ka ba. Ɗan'iya ya ce hannu da hannu ya ba ka takardata. Ban zo gaisuwar Sallah ba kamar yadda na saba, na aika cewa aiki ne ya riƙe ni. Akwai aikin, amma da na so zuwa da na zo.

Ɗan'iya ya kuma ce ya gan ka a tashar Tambuwal makon jiya, kana jiran motar komawa. Daga tasha zuwa gidana ba a hawa babur. Na yi ta juya wannan a raina. Idan ka sake tunanin ranar shida ga Mayu, ka gano wani abu game da ni, ina roƙonka ka faɗa mini kai tsaye. Shirunka ya fi mini nauyi.

Ɗanka,
Siddiƙ

Tungar Tambaya, 11 ga Yuli

Ɗana Siddiƙu,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Man zafin ya yi aiki, Innarka har gona ta tafi. Gero ya kai gwiwa, noma na biyu ne ya ɗauke mani hannu daga biro.

Mi zan gano game da kai? Kai ma dai da saka abu a rai, halin uwarka.

Gaskiya ne na zo Tambuwal. Asibiti na tafi, duk da ka ce kada in je, ka yi haƙuri. Wata likita ƙarama, ba ta wuce sa'ar matarka ba, ta leƙa kunnen, ta wanke, ta tsaya bayana tana raɗa lambobi ina maimaitawa. Tac ce Baba, kunnenka ya fi na mijina, shi sai na faɗi magana sau ukku. Na yi dariya, amma da na fito sai na ga ban ƙaru da komai ba. Ita murya ta gwada, ba ƙarfe ba.

Na biyo ta layinku. Na ga ƙofarka, na ga takalman Yusra a bakin zaure. Ban shiga ba. Ka rubuta cewa ba ka son sunana ya sake fitowa a al'amarin nan ko kaɗan, ni kuwa na gane, kuma wallahi ban ji haushi ba. Mutum yana aikin ofis, yana da abokan aiki da maƙwabta, ba ya bukatar a ce ga kawun nan nashi da ya tsai da ruwan gari saboda rodi. Dangantakarmu ma ai ba ta kusa ba ce can, kakana da kakan uwarka ne wa da ƙane. Ba dole ka ɗauki kayana ba.

Na kai ma Alhaji Dikko takardarka ta biyu, ya sa Sirajo ya karanta a gaban kwamiti. Da ya kai wurin da ka ce aikin watanni ne, sai ya naɗe takarda yac ce, Alhaji, jini ai ba ya ƙarya. In boris ya yi wata ukku yana ciwo, ina kunnen injiniya yake ranar da ya saurara a gabanmu? Ko dai ran nan babu ciwo, ko yau ɗa yana rufa wa kawunshi asiri. Alhaji ya dube ni, na dubi ƙasa. Ba ni son in ja ka cikin bakin mutane. Ka bar shi haka nan. An ce sabon janareta na tafe ƙarshen wata, za su ba wani makulli. Allah shi sa ya fi ni.

Lauratu ta kai injinta Kebbe.

Ga rodin nan na ba Ɗan'iya ya kawo maka. Ba ni da abin yi da shi yanzu, kuma ba ni son in gan shi rataye kullum. Kan iccen na marke ne, ubangidana da ya koya mani aiki ya sa mashi, bai taɓa tsagewa ba. Mu'minatu na iya tokare taga da shi.

Kawunka,
Na'iya

Tambuwal, 13 ga Yuli

Zuwa ga Kawu Na'iya,

Assalamu alaikum. Na gode Allah da jin lafiyarku. Mu ma lafiya. Takardarka da rodin sun iso jiya da hantsi.

Da farko, layin da ka karanta. Da na ce kada sunanka ya sake fitowa, nufina kada a sake ɗora maka laifi. Ban taɓa jin kunyar a ce kai kawuna ne ba. Amma da na sake karanta layin, na ga ba ka yi kuskure duka ba. In an daina kiran sunanka, an daina tambayar abin da ya faru a gindin hasumiya, wannan kuwa ni ya fi yi wa amfani. Ka tsaya a bakin layinmu kana kallon takalman Yusra ka juya, saboda kana kare mutuncina.

Sirajo mutum ne mai kaifin baki, amma tambayar da ya yi daidai ce, kuma ni kaɗai ke da amsarta. Duk abin da na rubuta maka game da giris, da mudu, da iska marar ƙarfi, gaskiya ne. Na jera maka su ne domin in cika takarda da gaskiyar da ba ta yi mini ciwo.

Yau da safe na je wurin shugabana na karɓo rahoton. Na gaya masa akwai jimla ɗaya da zan canza, na kuma gaya masa wace ce. Ya ce in na canza ta, ƙonewar janaretan za ta koma kaina, za a sa a fayil ɗina, kuma mai yiwuwa a ɗauke ni daga injinan ƙasar Kebbe. Ya ba ni zuwa Litinin in yi tunani. Na ce masa na riga na yi wata biyu ina yi. Na miƙa gyararren kafin azahar.

Zan zo ranar Juma'a, sha tara ga wata. Na rubuta wa Alhaji Dikko na roƙe shi ya tara kwamiti bayan an sauko daga masallaci, a gindin hasumiya, tare da duk wanda yake wurin ranar shida ga Mayu, har da matan da ke jera bokitai in sun yarda. A nan na faɗi maganar, a nan zan janye ta. Zan kuma ba da shawara a rubuce cewa a mayar maka da makulli kafin a ɗora sabon janareta, kuma duk ranar da ka ce a tsayar, a tsayar har sai an hau an duba. Ko za su karɓa, wannan yana hannunsu.

Rodin ba zai tokare taga ba. Zan taho da shi. Idan injin Lauratu ya dawo daga Kebbe, ina so ka saurare shi kafin ta ci gaba da markaɗe.

Ban nemi gafara a nan ba, domin ba a takarda ya kamata in nema ba. Sau huɗu na fara wannan wasiƙa da niyyar sa maganar a layin farko, sau huɗu tana gangarowa ƙasa. Ga ta inda ta tsaya. Haka take a rahoton ofis, haka kuma zan karanta ta ranar Juma'a.

Ɗanka,
Siddiƙ Uwais

Gyara ga bayanina na 21 ga Mayu. Inda na rubuta cewa na saurara ban ji komai ba, ba haka ba ne. Na ji bugu, ƙarami, mai tsari, yana zuwa da kowane juyi, daidai yadda Malam Na'iya ya faɗa. Na ji shi tun kafin dariyar ta lafa.